Sana'ar man gyaɗa ta wani gida a Kano, daga ciwon uwar gida zuwa rabon gado

Gabatarwa

Wannan bayani ne a kan sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli ta gidanmu, a wata unguwa cikin birnin Kano, wadda mahaifiyarmu, Allah ya jiƙanta da rahama, ta riƙe shekara talatin da biyu kafin ciwo ya kwantar da ita. Umma muke kiranta, haka kuma zan kira ta a nan, ba tare da na ambaci sunanta ko sunan wani ba. Mu shida ta bari, maza biyu da mata huɗu. Ni ce ta huɗu, ina koyarwa a makarantar firamare, kuma littafin lissafin sana'ar yana hannuna tun 2020, don haka duk adadin da zan kawo daga cikinsa na ɗebo, in ban da na shekarun baya da na ji daga bakin yayyena.

Asalin sana'ar, 1987 zuwa 2004

Umma 'yar wani ƙauye ce a yankin Ɗanbatta, a hannun kakarta ta koyi matsar gyaɗa tun tana budurwa. Lokacin da aure ya kawo ta birni, zamanin dalar gyaɗa ya riga ya wuce, domin farin 1973 da cutar kuturtar gyaɗa ta 1975 sun karya noman, kuɗin man fetur kuma ya ɗauke hankalin gwamnati daga gona. Gyaɗar da ta rage ta koma hannun masu masana'antun mai da kuma matan cikin gida, waɗanda dama su ne asalin masu ita.

A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta shigo da shirin tsuke bakin aljihu, darajar naira ta faɗi, masana'antu suka shiga rage ma'aikata. Mahaifinmu yana cikin waɗanda aka sallama daga wata masana'anta a Bompai a 1987. Umma ta sayar da jerin kwalla guda daga kayan ɗakinta, ta aika aka sayo mata kwano biyar na ɓararriyar gyaɗa, ta hura wuta. Tana cikin kulle, ba ta zuwa kasuwa, saboda haka yayarmu mace, wadda ita ce ta biyu a haihuwa, ita ta ɗauki farantin talla tun tana 'yar shekara tara, kuma daga aji shida na firamare ba ta ƙara gaba ba. Wannan abu ya tsaya wa Umma a rai har ƙarshen rayuwarta. Shi ya sa tun kafin ni da ƙannena mu kai munzalin talla ta sauya salon cinikinta, ta daina sayar da ɗai-ɗai a titi, ta koma ba masu tsire da masu kilishi da masu shago sari, su aiko yara su karɓa a zaure. Mahaifinmu ya rasu a 2004, daga nan ci da sha da kuɗin makaranta da aurar da 'ya'ya mata duk suka koma kan turminta.

Yadda take tafiyar da aikin, 2004 zuwa 2019

A shekarun ƙarshe kafin ciwonta, gidan yana matse buhu uku a mako, kowane buhu kwano arba'in. Mata biyar na unguwa suna taya ta aiki, kuma tana da injin markaɗe nata na kanta a wani ɗaki kusa da zaure. Aikin yana farawa da tsince gyaɗa a fitar da ruɓaɓɓiya da tsakuwa, a soya ta a kasko, a murje, a fece ɓawon, a markaɗa, sannan a zuba a turmi ana juyawa da taɓarya ana yayyafa ruwan zafi har mai ya taso. Abin da ya rage bayan an matse shi ne tunkuza, wadda ake mulmulawa a soya a cikin man ta zama ƙuli. Suya ita ce wuyar aikin. Idan gyaɗa ba ta soyu ba mai ba ya fita sosai, idan kuma ta zarce sai ƙuli ya yi ɗaci, mai ya yi duhu, kuma Umma da hanci take gane lokacin saukewa ko da tana cikin ɗaki. Ta sha faɗa mana cewa man gyaɗa uwar kuɗi kawai yake mayarwa, riba tana cikin ƙuli.

Da kaka, wajen Oktoba zuwa Disamba, lokacin da sabuwar gyaɗa ta cika kasuwa farashi ya sauka, takan sayi buhu arba'in zuwa hamsin ta hannun wani dillali a kasuwar Dawanau da suka shekara fiye da ashirin suna hulɗa ba su taɓa ganin fuskar juna ba. 'Yar Dakar ce irin gyaɗar da ta fi so saboda yawan manta. Wannan ajiya ba ta taɓa ta sai bazara ta yi nisa gyaɗa ta yi tsada, a lokacin ne take cin ribar shekara.

Kuɗinta kashi huɗu ne, kowanne da mazauninsa a cikin kabad. Uwar kuɗi tana cikin kwalla a can ƙasa, riba tana wani gwangwani, kuɗin cefane yana cikin jakar hannu, sai wani ƙulli a koren ƙyalle. Koren ƙyallen nan na adashi ne, domin ita ce uwar adashin mata ashirin da ke zubi kowace Juma'a, a ciki kuma take haɗa ajiyar wasu mata da ke tara kuɗin kayan ɗakin 'ya'yansu. Ba ta yi boko ba, ba ta rubuta komai, kuma babu wanda ta taɓa zaunar da shi ta bayyana masa ma'anar wannan rabe-rabe. Bashin da take bin mutane da wanda ake binta duk a ka yake. Ko lambobin wayarta babu suna a jikinsu, da lamba uku na ƙarshe take gane mai kira.

Faruwar matsalar, Nuwamba 2019

Ta daɗe da sanin tana da hawan jini, amma ba ta shan magani sai ranar da kai ya dame ta. Wata safiya a watan Nuwamba na 2019, bayan sallar asuba, ta yanke jiki ta faɗi a bakin murhu. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, magana ta ɗauke, ta yi mako uku a asibiti.

Abu biyu suka haɗu a wannan lokaci. Na farko, kaka ce, ba ta kuma riga ta yi sayayyar shekara ba, alhali tun watan Agusta gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa na tudu, man da ake shigowa da shi ya ragu, na gida ya samu kasuwa. Na biyu, a ruɗewar ranar farko muka buɗe kabad muka kwashe duk kuɗin da muka gani muka haɗa a jaka ɗaya, har da na koren ƙyalle, muka shiga biyan gwaje-gwaje da hoton ƙwaƙwalwa da magani. Babu wanda ya ƙirga abin da ke cikin kowane mazubi kafin a haɗa. Ni da hannuna na kwance ƙyallen.

Yunƙuri na farko, Disamba 2019 zuwa Fabrairu 2020

Da aka dawo da ita gida muka zauna, aka ɗora wa babban wanmu jagorancin sana'ar. Shi ne ɗan fari, ma'aikacin gwamnati ne, ya yi karatu mai zurfi, kuma babu wanda ya kawo sunan wani a zaman. Ya ɗauki hutu ya tsaya da gaske.

Da yake bai san dillalin Umma ba, ya je Dawanau da kansa ya sayi buhu talatin a wajen wanda ya yi masa rangwame. Umma takan sa a kawo mata samfur daga ƙasan buhu, ta ciza ƙwaya ɗaya ta ji ko ta yi ƙaras, ta girgiza tafi guda a kunne ta saurara. Wanmu bai san da wannan ba. Gyaɗar ba ta gama bushewa ba, aka kuma jibge buhunan a kan siminti a jikin bango, maimakon a kan katako kamar yadda take yi. Zuwa watan Fabrairu buhu goma sha ɗaya sun yi funfuna. Irin wannan gyaɗa ba ɗaci kawai take yi ba, tana iya ɗaukar gubar aflatoksin mai lahani ga hanta, kuma gubar ta fi zama a cikin ƙuli. Dole aka fitar da su daga aikin gaba ɗaya.

Ya kuma sauya ka'idar ciniki. Tsarin Umma da masu tsire shi ne a biya tsoho a ɗauki sabo, wato mutum ya karɓi ƙulin wannan mako, ya biya kuɗin na makon jiya. Wanmu da ya ga jari ya yi ƙasa sai ya ce daga yanzu kuɗi hannu, ya kuma aika yaro ya bi mutane yana tambayar bashin da babu wanda ya san adadinsa. Wasu suka biya abin da suka ga dama, wasu suka ji an ci musu fuska suka koma saye a wani gida. Daga masu tsire da kilishi goma sha huɗu da ke karɓa kowane mako, biyar suka rage. Mata biyu daga cikin masu aiki suka daina zuwa, domin Umma ban da lada takan ba su ɗan mai da gutsattsarin ƙuli su kai gida, shi kuwa ya ɗauki wannan a matsayin ɓarna ya hana.

A duk tsawon wannan lokaci matan adashi ba su ce komai ba, saboda kunya da ganin halin da ake ciki. Mu kuma mun ɗauka shirun nasu yana nufin babu abin da suke bi.

Yunƙuri na biyu, Maris zuwa tsakiyar Afrilu 2020

Da gyaɗa mai kyau ta kusa ƙarewa, muka yanke shawarar dakatar da matsa, mu riƙa saro man kamfani a jarka mai lita ashirin da biyar muna ƙullawa a kwalabe, don kada sauran masu saye su watse. Shawarata ce, kuma a takarda lissafin ya fita. An yi mako shida ana haka. Ribar da ke kan kowace jarka ba ta taka kara ta karya ba, kuɗin mota ya cinye rabinta, sannan babu ƙuli ko ɗaya da za a ba masu tsire, su kuwa dama ƙulin ne ya kawo su don yin yaji da labu, wato kwaɓin da ake tsoma naman kilishi a ciki. Matan da ke sayen mai a kwalba ma sun gane bambanci tun ranar farko, domin man gida na soyayyiyar gyaɗa yana da ƙamshin da tataccen mai ba shi da shi. Wata tsohuwa ta dawo da kwalbarta ta ce wa yayarmu, “'Yar nan, wannan ba man Hajiya ba ne, in na kanti nake so ai na san hanya.”

Dokar kulle da rubuta littafi, Afrilu zuwa Yuli 2020

Ranar 16 ga Afrilu 2020 gwamnatin Kano ta kafa dokar hana fita saboda annobar korona, ranar 27 ga watan kuma shugaban ƙasa ya tsawaita ta, azumi ya kama a cikin wannan hali. Masu tsire sun rufe, makarantu sun rufe, ciniki ya tsaya cik. Ni da yayarmu, wadda aurenta ya mutu ta dawo gida tun kafin ciwon, muka kasance tare da Umma dare da rana.

Gashin da ake yi mata ya fara amfani, har tana iya furta kalma ɗaya ko biyu, hankalinta kuwa garau yake. Wata rana da la'asar ta yi ta nuna kabad da hannun hagu har muka buɗe, ta ga babu koren ƙyalle, sai ta ce, “Na mutane.” Ta maimaita sau uku tana hawaye. A ranar muka fahimci abin da muka kashe. Da wanmu ya samu shigowa ranar da aka sassauta doka, ya durƙusa a gabanta ya ce, “Umma, ki yafe mana, wallahi ba mu sani ba.” Ba ta taɓa kiran sunansa ba saboda alkunyar ɗan fari, ranar ma ba ta dube shi ba, ta dai ce, “Biya.”

Daga nan muka fara aikin fitar da lissafin daga kanta. Ba ta iya kawo suna da kanta, amma idan aka faɗa tana ganewa. A nan amfanin yayarmu ya fito, domin tallan da ta yi da kuma shekarun da ta yi tana miƙa kaya a zaure sun sa ta san kusan kowa, da laƙabinsa da inda teburinsa yake. Ita za ta ambaci mutum, Umma ta gyaɗa kai ko ta girgiza, sannan mu ajiye mata faranti da ƙwayoyin gyaɗa, kowace ƙwaya naira dubu, ɓari guda kuma ɗari biyar, ta ware adadin da hannun hagu, ni kuma in rubuta. Ba ma wuce rabin sa'a a zama ɗaya saboda gajiya, kuma kowane adadi sai mun sake tambayarta bayan kwana biyu ba tare da mun tuna mata na farko ba. Lambobin wayarta ma haka muka bi su ɗaya bayan ɗaya har muka gano ta dillalin Dawanau. Aikin ya ɗauki mako bakwai.

Abin da ya fito shi ne tana bin mutum talatin da bakwai, mutum takwas suna binta, ban da matan adashi ashirin da masu ajiya shida. Kusan rabin kuɗin da muka kashe a asibiti ba nata ba ne. Don tabbatarwa, muka kira kowane mutum muka tambaye shi nawa ne tsakaninsa da Umma, ba tare da mun faɗi abin da muka rubuta ba. Cikin talatin da bakwai ɗin, ashirin da tara sun faɗi daidai da nata ko ma fiye, biyar sun faɗi ƙasa da haka, uku sun ce babu komai. Da muka gaya mata, ta yi alama da hannu a bar ukun nan, a kuma karɓi abin da biyar ɗin suka amsa. Limamin unguwarmu da ya ga littafin ya karanta mana aya ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani, mai umarni da rubuta bashi da kafa shaidu, ya kuma ba da shawara a fara sauke amanar adashi da ajiya kafin komai.

Da izininta aka sayar da sarƙa da 'yan kunnen zinare da ta sayo a Makka, wanmu ya ɗauki nauyin cike gurbin daga albashinsa cikin wata biyar, sauranmu muka kawo abin da ya sawwaƙa. Aka biya masu ajiya, aka ci gaba da kwasar adashi bisa jerin da aka tsaya har zagayen ya cika, sannan aka rufe shi.

Komawa turmi, Oktoba 2020 zuwa Fabrairu 2021

Da kaka ta zo, aka sake zama, wannan karon a ɗakin Umma. Wanmu da kansa ya ce a mayar da aikin hannun yayarmu, shi ya tsaya ga abin da ya shafi kasuwa da ɗauko kaya, ni in riƙe littafi. Jarin da ya rage bai fi na buhu shida ba. Yayarmu ta kira dillalin nan ta gabatar da kanta. Ashe labarin biyan adashin ya riga ya kai masa ta bakin wani mai kilishi, sai ya ce, “Hajiya ba ta taɓa kwana da kuɗina ba, ku aiko a ɗauki buhu goma sha biyar, ku biya a hankali.”

Aka fara da buhu ɗaya a mako. Ana kawo samfur a miƙa wa Umma ta ciza, a kuma ajiye kujerarta inda hayaƙin suya ke isa gare ta, in lokacin saukewa ya yi ta buga sanda a ƙasa. Bayan 'yan makonni muka lura yayarmu tana sauke kasko kafin sandar ta bugu. Aka dawo da tsarin biya tsoho ɗauki sabo, amma da iyaka: ba a ba mutum kaya karo na uku sai ya biya kuɗin na farko, kuma kowane karɓa yana shiga littafi a gaban ɗan aiken. Aka dawo wa mata masu aiki da ɗan man da gutsattsarin ƙulinsu, aka rubuta shi a cikin kuɗin aiki. Mazuban kuɗi huɗun nan suka koma uku, tunda babu adashi, kowanne da rubutu a jikinsa, aka kuma buɗe asusun banki don uwar kuɗi kaɗai, wanda ba a cire komai daga ciki sai da sa hannun mutum biyu. Zuwa Fabrairu 2021 ana matse buhu biyu a mako, masu tsire tara suna karɓa.

Rasuwa da rabon gado, 2021

Ciwon ya sake buge ta a watan Maris na 2021, ana saura 'yan makonni a ɗauki azumi, ta rasu da dare aka yi jana'izarta da safe. A wajen makoki mata da yawa da ba mu sani ba sun zo suna ba da labarin jarin da ta ba su ko buhun da ta lamunce musu, babu ko ɗaya daga cikin wannan a lissafin da ta ba mu.

Bayan an share makoki aka kira malamin da ya san ilimin gado. Ya bi tsarin da shari'a ta shimfiɗa, aka fitar da kuɗin jana'iza, aka biya sauran bashin dillali, aka tambayi wasiyya aka tarar ba ta bari ba, sannan aka zo kan magada. Da yake mijinta da iyayenta sun riga ta rasuwa, dukiyar ta zama kaso takwas, kowane namiji biyu, kowace mace ɗaya, kamar yadda aya ta 11 a Suratun Nisa'i ta hukunta. Saboda akwai littafi, ƙididdigar jari da bashi da buhunan da ke ɗaki ba ta wuce yini guda ba, aka kuma kira masu sana'ar inji biyu suka yi wa injin kuɗi.

Wahalar da ta taso ita ce idan kowa ya ɗauki nasa a hannu, dole a sayar da inji a raba buhuna, sana'ar ta mutu. Ƙanenmu namiji yana son kasonsa don ya sayi Adaidaita Sahu, haƙƙinsa ne kuma, babu mai ikon hana shi. Kasonsa rubu'in dukiyar ne. Aka daidaita a kan a biya shi cikin wata goma, ya amince. Mu biyar da muka rage muka bar namu a matsayin tarayya, aka rubuta yarjejeniya a gaban shaidu biyu cewa yayarmu za ta ɗauki ladan aikinta kowane wata kafin a lissafa riba, a raba ribar sau ɗaya a shekara bayan sayayyar kaka gwargwadon kason kowa, kuma duk mai son fita ya ba da sanarwar wata shida. A shekarar farko babu wanda ya ɗauki riba, domin biyan ƙanenmu ya cinye ta.

Shekarar 2023 da halin da ake ciki

A watan Oktoba na 2022 Babban Bankin Nijeriya ya ba da sanarwar sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, kuma daga Janairu zuwa Maris na 2023 takardar kuɗi ta yi ƙarancin da ƙananan 'yan kasuwa da yawa suka tsaya, masu kawo kaya daga ƙauye kuma suka ƙi karɓar kuɗi ta waya. Gidanmu bai tsaya ba, saboda an riga an ajiye buhu talatin da biyar tun kaka, masu sari suna turo kuɗi asusun banki, matan da ke sayen kwalba kuma aka riƙa rubuta musu har kuɗi ya wadata. Cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023 ya fi yi mana illa, domin kuɗin man inji da na ɗauko kaya daga Dawanau ya ninka ya kuma wuce, har aka rage aiki zuwa buhu biyu na tsawon damina. A ƙarshen 2024 an koma buhu uku a mako, masu tsire da kilishi goma sha biyu suna karɓa, mata huɗu suna aiki, an kuma raba riba sau biyu.

Abin da ya gaza, abin da ya yi aiki, da dalili

A ganina tsarin Umma ba shi da aibu a kansa. Ta raba jari da riba da cefane da amanar mutane, ta san lokacin saye, ta san wanda za a ba bashi da iyakarsa, kuma gwajin da muka yi ya nuna ƙwaƙwalwarta ta fi littattafan shaguna da yawa daidai. Rauninsa ɗaya ne, babu mai iya karanta shi sai ita. Da ta taɓa gaya wa mutum ɗaya abin da ke cikin koren ƙyalle, da rabin wahalar ba ta faru ba. Sakacinta da maganin hawan jini ma yana cikin lissafin, mu kuma da muke ganin tana tashi tun kafin asuba ba mu taɓa matsa mata ta je a auna ta ba.

Yunƙurin farko ya gaza ne saboda mun zaɓi shugaba da girma da takardar makaranta, muka tsallake wadda ta san gyaɗa ta kuma san mutane, don kawai ba ta wuce firamare ba. Wanmu ya yi iyakar ƙoƙarinsa, shi ya fi kowa asarar kuɗinsa, amma duk gyaran da ya kawo ya taɓa abin da ke riƙe da masu saye ba tare da ya sani ba. Yunƙuri na biyu, wanda nawa ne, ya gaza saboda na lissafa mai na manta da ƙuli, duk da na sha jin ta tana faɗin inda ribar take.

Abin da ya tayar da sana'ar shi ne biyan amanar mutane tun kafin a nemi jari, domin shi ya buɗe ƙofar dillali ya kuma dawo da masu tsire, sai raba aikin Umma gida uku tsakanin masu iya kowane ɓangare, sai littafin da ya sa rabon gado ya tafi ba tare da zargi ba. Amma ba zan ɓoye cewa akwai abin da ba dabararmu ba ce. Mutane da yawa da ciwon nan ya kama ba sa samun maganarsu ko hankalinsu, ita kuwa Allah ya ara mata wata goma sha shida da hankalinta, dokar kulle kuma ta zaunar da mu kusa da ita a daidai lokacin da za ta iya amsawa.

Akwai abin da bai dawo ba. Adashin ya mutu, domin babu wadda matan suka yarda su danƙa wa kuɗinsu kamar ita. Suya har yanzu a hancin mutum ɗaya take, wato yayarmu, kuma cikin jikokin Umma goma sha tara babu wanda ya iya sauke kasko shi kaɗai, ko da yake tun hutun bara 'yata ta fari take zama a bakin murhu ranar Asabar. Sunayen mutum ukun da suka ce ba a bin su komai suna nan a shafi na huɗu na littafin, da layin da na ja a kansu ranar da ta ce a bar su.